Babi Na Shida: Idan Sigina Ta Fito

Takardar da ke tashin soja daga wani bariki zuwa wani, wadda mutanen bariki suke kira sigina, sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi, da lambarsa, da muƙaminsa, da bataliyar da zai koma, da ranar da ake son ya bayyana gaban sabon kwamandansa. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da gidan soja ya sani cewa ranar da ta fito, mutum shida ko bakwai ta tasa, waɗanda ba a ambace su a cikinta ba, ba a kuwa shawarce su ba. Shi maigidan, komai nisan inda aka tura shi, duniyar da ya sani zai tarar: kakinsa bai sāke ba, igiyar da ke hannunsa ko aninin da ke kafaɗarsa suna gaya wa kowa matsayinsa tun bai buɗe baki ba, begilar da ta tashe shi a Sakkwato irinta ce za ta tashe shi a Fatakwal, kuma da wuya ya rasa wanda suka sha horo tare a Difo na Zariya. Ita kuwa uwargida, wadda ta shekara huɗu ko biyar tana gina zumunci da maƙwabta, har ta san wadda za ta bar wa yaro in za ta asibiti, ta san mai awon da zai ɗaga mata ƙafa in wata ya yi nisa, daga farko za ta soma, ita da 'ya'yanta, a garin da watakila ko gaisuwar mutanensa ba ta iya ba. A kan waɗannan mutane wannan babi yake, kuma abin da nake so in tabbatar a cikinsa shi ne, a makonnin farko na sauka ne bukatarsu ta fi tsanani, alhali kuwa a lokacin ne taimako ya fi ƙaranci.

Al'amarin ba sabo ba ne. Tun daga ƙaramar rundunar da Glover ya tara a Ikko a 1863, wadda aka sani da Hausawan Glover, har zuwa babbar rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya soma haɗawa a 1897, mata suna bin mazajensu, daga Lokoja zuwa Zungeru, daga Zungeru zuwa Kaduna, su ne masu daka da girki da wanki, kuma da zamansu ne sansani ya zama gari. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, sai tafiyar da a da ake yin ta da ƙafa wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki, tashi kuma ya yawaita. Amma babban abin da ya jirkita zaman bariki shi ne yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, domin sojan ƙasa da kafin yaƙin ba su wuce kimanin 10,000 ba, an gama shi suna wajen 250,000, ba a kuwa gina ɗakunan da za su ɗauki wannan jama'a ba. Kuma ko da yake an rage yawansu daga baya, an kuma yi gine-gine da dama, ƙarancin muhalli bai rabu da bariki ba har yau. A yanzu hedikwatocin manyan rundunonin suna warwatse ne a kusurwoyin ƙasar: ta 1 a Kaduna, ta 2 a Badun, ta 3 a Jos, ta 6 a Fatakwal, ta 7 a Maiduguri, ta 8 a Sakkwato, ta 81 a Ikko, ta 82 a Inugu, waɗannan biyu na ƙarshe kuwa lambobinsu gado ne daga rundunonin da kakanninmu suka yi yaƙin Bama a ƙarƙashinsu. Daga barikin Giginya a Sakkwato zuwa Fatakwal ya fi kilomita 1,000, kuma layi ɗaya na rubutu ya isa ya kai iyali daga wannan zuwa wancan.

Farkon jarrabawa ita ce ta kaya. A nan ya kamata mai karatu ya tuna cewa a al'adarmu kayan ɗaki dukiyar mace ce, iyayenta suka yi shekaru suna tarawa, gwaggonni da innoni suka je suka yi mata jere. Saboda haka idan sif ya tsage a bayan mota a hanyar Lokoja, ko aka tilasta sayar da gado da kujeru a rabin kuɗinsu don motar ba za ta ɗauka ba, ba albashin maigida ne ya ragu ba, gadon uwargida ne daga gidansu. Haka kuma 'yan awaki da kajin da take kiwo a bayan layi, da 'yar gonar masara ko gyaɗa da iyalai da yawa suke nomawa a filayen bariki: in sigina ta fito a tsakiyar damina, sai a bar shuka ga maƙwabci bisa amana, ko a sayar da ita a tsaye. Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ta tanadi alawus na kwana 28 na farko ga ma'aikacin da aka sauya wa gari, don ya sami inda zai fake kafin a ba shi muhalli, tanadin kuwa mai kyau ne. Sai dai kukan da aka fi ji shi ne, kuɗin sukan zo ne bayan an riga an ci bashi an yi tafiyar, mai motar kaya kuwa a hannu yake karɓa, ba ya jiran takarda ta zagaya ofisoshi. Da za a gyara wannan abu ɗaya tak, watau a biya kafin tashi, da an ɗauke wa iyalai wani kaso mai girma na wahalar, ba tare da baitulmali ya ƙara ko kwabo a kan abin da doka ta riga ta wajabta masa ba.

Sa'an nan sai mas'alar ɗaki. Malamanmu na fiƙihu sun lissafa mazauni a cikin nafaƙar da ta wajaba a kan miji, tare da ci da sha da tufa, sun kuma yi bayanin cewa ya kasance gwargwadon halinsa da darajarta. Amma soja ba shi yake zaɓar mazauninsa ba, ofishin kwatamasta ne ke rabawa, bisa muƙami da kuma abin da ya samu. Sau da yawa ana isa a tarar wanda aka zo a gada bai kwashe iyalinsa ba, don shi ma can inda ya koma bai sami ɗaki ba, ko 'ya'yansa suna tsakiyar zangon karatu. Sai baƙi su rakuɓe a falon wani abokin aiki, ko su kama haya a cikin gari, inda mai gida zai nemi kuɗin shekara gaba ɗaya. Ƙaramin soja kuwa ko ya samu, ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, a tsofaffin layuka ma madafa da makewayi na tarayya ne. Matar da ta tashi a gida mai zaure da tsakar gida, wadda ba ta saba baƙon namiji ya ga tukunyarta ba, balle ita kanta, ba ƙaramin haƙuri take yi ba kafin ta saba da fita da bokiti a gaban jama'a, kuma bai kamata a ɗauki nauyin da take ji a matsayin girman kai ba, domin tarbiyyar da aka yi mata ke nan, an kuma yabe ta a kanta tun tana yarinya.

Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗinsa a fili ba. Iyalin da takardun hukuma suka sani dabam ne da iyalin da ke cin tuwo a gidan Bahaushe. Tsarin inshorar lafiya na ma'aikata, alal misali, ya ɗauki mutum da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba, wanda ya wuce haka sai an yi masa rajista ta dabam. To, ina matsayin amarya, wadda aurenta halal ne a shari'a? Ina matsayin ɗa na biyar da na shida, da ɗan riƙo wanda yaya ya rasu ya bari, da ƙanwar uwargida da ke taya ta raino, da tsohuwa da ba ta da wani mai kula da ita sai wannan ɗa? A tsohon bariki an san su, an saba da su, likita ya san fuskokinsu, mai gadin ƙofa ba ya tambayarsu; a sabon wuri kuwa baƙi ne da babu sunansu a ko'ina. Shi ya sa ranar tashi takan zama ranar raba gida: a mai da wannan ƙauye, a kai wancan wurin kawu, a bar mace ɗaya a tsohon gari a tafi da ɗaya, adalcin kwana da shari'a ta ɗora wa miji kuwa ya zama abin da ba ya hannunsa. Ba na cewa hukuma ta gina wa kowane soja gida mai sassa huɗu, wannan ba mai yiwuwa ba ne. Amma wajibi ne wanda ke rabon ɗaki ya san adadin mutanen da za su kwana a cikinsa na haƙiƙa, ko da ba zai iya ba su abin da ya wuce ƙa'ida ba.

Wadda ke tare mafi yawan wannan ɓaraka kuwa mace ce da ba ta sa kaki, watau magajiya. Kusan kowane bariki yana da ita, manya ma kowane layi da tasa, galibi matar wani daga cikin manyan sajan ce wadda ta daɗe a wurin, ta ga tashi ta ga sauka, kuma tana da bakin magana a gaban samanjan bataliya. Ita ce ke tara mata ranar shara, ita ce ke raba faɗan famfo da na yara, ita ce ke kai ƙara in miji ya daina ba da kuɗin cefane, kuma idan mummunan labari ya zo daga fagen fama, da wuya a shiga ɗakin ba da ita ba. Idan Allah ya sa baƙuwa ta faɗa hannun magajiya ta gari, a mako guda za ta san ranar da ake awon ciki a asibitin bariki, da lokacin da ruwa ke zuwa, da wanda za a gani a makarantar yara, da inda ake samun dawa da kuka da daddawa a garin da garin rogo ne abincinsa. Za a kuma haɗa ta da wata 'yar ƙasarsu da za su riƙa gaisawa da harshen gida. Na tabbata babu wani jami'i a rundunar da aikinsa ya fi nata tasiri a kan natsuwar gidan ƙaramin soja. Amma duk wannan ya rataya ne a kan halin mace ɗaya, in ta gari ce an dace, in mai son kai ce ko mai ɗaukar ɓangare an shiga uku. Ba ta da horo sai wanda zaman duniya ya ba ta, kuma sau da yawa ba ta sanin iyali na tafe sai ta ga mota ta tsaya ana sauke katifu. Alhali kuwa a zamanin nan da waya ta yawaita a hannun mata, ba abin da zai hana ofishin da ya fitar da sigina ya sanar da magajiyar can mako biyu ko uku kafin a iso, a faɗa mata yara nawa ne, a wane aji suke, ko uwar tana da juna biyu, ko akwai mai ciwon da ke shan magani kullum. Sojan Amurka suna da irin wannan tsari a rubuce, ana naɗa wa mai zuwa wani daga sabuwar rundunarsa wanda zai tuntuɓe shi tun kafin ya taso, ya tarbe shi, ya nuna masa gari. Mu kuwa muna da matan da suka fi kowa iya wannan aiki, sanarwa kawai suke bukata, da ɗan abin da za su riƙe a hannu don ɗawainiya.

Ƙungiyoyin matan sojoji ma suna da nasu rabon. Ta matan hafsoshi, NAOWA, wadda bisa al'ada matar babban hafsan sojan ƙasa ke shugabanta, ta gina makarantun yara da wuraren koyon sana'a a barikoki da dama. Marigayiya Maryam Babangida ta riƙe ta lokacin da mijinta ke kan wannan muƙami, kafin ya hau mulki a 1985, kuma a nan ta koyi aikin da ta faɗaɗa zuwa matan karkara a 1987. Matan ƙananan sojoji suna da tasu, NASWA, haka na sama da na ruwa. Ba mai musun alherinsu. Illa dai shugabancinsu yana bin muƙamin miji ne, saboda haka ita kanta shugabar reshe baƙuwa ce mai jiran tata siginar, aikin da ta soma kuwa yakan tsaya ranar da aka ɗauke mijinta. Kuma ƙarfinsu ya fi tafiya wajen taruka da rabon kayan azumi da na Kirsimeti, wanda abu ne mai lada, amma buhun shinkafa a watan Ramalana ba ya maganin daren farko a ɗakin da babu ƙwan lantarki babu makulli.

Mu zo ga sana'a. Albashin kurtu ko kofur ba ya riƙe gida shi kaɗai, kowa ya san haka, abin da ke cike giɓin kuwa hannun uwargida ne: ƙosai da safe, zoɓo da kunun aya a firij, ɗinki, kitso, injin markaɗe, atamfa bashi zuwa ƙarshen wata. Jarin irin wannan sana'a rabinsa ba kuɗi ba ne, sanayya ce, ita kuwa ba ta shiga mota. Ranar da labarin tashi ya bazu, masu binta bashi sukan hallara nan da nan, waɗanda take bi kuwa sai su yi wuyar gani. Adashin da ta zuba wata bakwai, kwasarta kuma sai a na goma, ya zama abin jayayya. Can kuma inda za ta, ba mai sa baƙuwa a adashi sai an ga kamun ludayinta. Kasuwar Mami da ke kowane bariki a yau ita kanta daga irin wannan hali ta samo asali. Bisa ga abin da aka ruwaito daga bakin mai ita, Mammy Ochefu, 'yar ƙabilar Idoma, ta bi mijinta Anthony Ochefu zuwa barikin Abakpa a Inugu tana amarya, a 1959 ta soma sayar da wani irin kunu na ƙasarsu don kada ta zauna hannu rabbana. Maƙwabta suka yi kukan ƙudaje, aka ba ta wuri a gefen bariki, wasu mata suka bi sahunta, kuma duk inda aka mai da mijin sai ta sāke kafa rumfa. Mijin ya zama gwamnan soja na jihar Gabas ta Tsakiya a 1975, amma sunan matar ne ya cika ƙasa. Hujjar da nake ɗauka daga wannan ita ce, abin da ya taimake ta fili ne da izini daga hukumar bariki. Da za a keɓe wasu rumfuna a kowace kasuwar Mami don matan da suka sauka a shekarar, maimakon 'yan kasuwar gari masu ƙarfi su mamaye duka, da an mai da kasuwar kan manufarta ta farko. Wadda ta yi karatu ma ba ta tsira ba: malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke ƙarƙashin gwamnatin jiha ba ta iya ɗaukar aikinta ta ƙetare iyaka da shi, wata jihar kuwa takan fifita 'ya'yanta wajen ɗauka, sai ta zaɓa tsakanin aikinta da zama da mijinta, kowanne ta zaɓa kuma akwai masu zarginta.

Amma waɗanda tashi ya fi yi wa tabo su ne yara, domin su ba su da bakin kai ƙara, kuma abin da ya kuɓuce musu a shekara ɗaya yakan bi su har girma. Rundunar sojan ƙasa ta yi ƙoƙari a nan: akwai firamaren 'ya'yan sojoji a barikoki, akwai sakandaren Command a Kaduna da Jos da Badun da Ikko da Abakaliki da Suleja da wasu wurare, sojan sama da na ruwa ma suna da nasu, ga kuma makarantar soja ta yara maza a Zariya tun 1954. Sai dai samun gurbi a tsakiyar shekara ba shi da tabbas, littattafai da kayan makaranta sai an sāke saya, kuma yaron da ya bar Kano yana karanta Hausa a matsayin harshen ƙasa, in ya sauka Badun Yarabanci zai tarar a jadawali, a zauna jarrabawa da shi tare da waɗanda suka sha shi a nono. Wanda ke ajin ƙarshe na sakandare matsalarsa ta fi, saboda rajistar WAEC da NECO a makarantarsa ake yi, tare da makin gwaje-gwajen da aka tara masa a shekarun baya. Shi ya sa za ka ga an bar yarinya 'yar shekara 16 a ɗakin maƙwabta har ta gama, uwa kuwa ta tafi da jiki, hankalinta yana baya. A wajen karatun addini ma akwai irin wannan yankewa: yaron da ya kai izu 20 a allo da ruwayar Warshu, in ya koma Islamiyyar masallacin wani bariki inda da Hafsu ake karantarwa, sabon malami yakan ga kamar kuskure yake yi, ya mai da shi baya, zuciyar yaron ta karye. Yaro a wannan hali kamar dashen albasa ne: ba cirewar ce ke kashe shi ba, rashin ban ruwa ne a kwanakin farko.

Maganin mafi yawan wannan yana cikin kalanda. Shekarar karatu a ƙasar nan tana farawa a Satumba, ta ƙare a Yuli, dogon hutu kuwa yana tsakani. Ba abin da zai hana sauye-sauyen da ba na gaggawa ba, waɗanda su ne mafi yawa, a tara su a wannan taga, a kuma ba iyali izinin zama a tsohon ɗaki har ƙarshen zango idan larura ta sa maigida ya riga su tafiya. A Amurka, inda kowace jiha ke da nata tsarin ilmi, an ƙulla yarjejeniya tsakanin jihohi a 2008, wadda dukan jihohi 50 suka shiga zuwa 2014, don makaranta ta karɓi takardun ɗan soja nan take, ta sa shi a ajin da ya bari, kada kuma bambancin ƙa'ida ya hana shi kammalawa. Mu da makarantun Command suke ƙarƙashin hukuma ɗaya, wannan ya fi mana sauƙi nesa ba kusa ba. Kada kuma a ɗauka duk hasara ce: ɗan bariki yakan tashi yana jin harshe uku ko huɗu, ya ci tuwo a ɗakin Tibi, ya ci sakwara a ɗakin Bayarabe, ya san Kirista maƙwabci ne tun kafin wani ya gaya masa wani abu dabam, wannan tarbiyya ce da ƙasar ke matuƙar bukata. Abin takaici shi ne, ranar da zai nemi makarantar gaba ko aiki, sai a tura shi neman takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar mahaifinsa, inda watakila ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa.

Haihuwa a baƙon wuri kuwa sai wadda ta yi. A gida, mai cikin fari goyon ciki take zuwa wurin iyayenta, a yi mata wankan jego har arba'in, a dama mata kunun kanwa. A bariki mai nisa, in uwa ba ta iya zuwa ba, maƙwabta ne ke dafa ruwa, sau da yawa ma matan da ba addini ɗaya ba harshe ɗaya. Abin da ya kamata a tsare a nan shi ne katin awo da katin rigakafin yara, su kasance a jakar hannu tare da takardun makaranta, kada a cusa su cikin akwatin da zai iso bayan wata guda.

Akwai kuma wani irin tashi wanda iyali ba sa bi. Tun daga aikin ECOMOG a Laberiya a 1990 da Saliyo bayansa, har zuwa yaƙin Arewa maso Gabas wanda ya sa aka kafa runduna ta 7 a 2013, aka yi aikin soja mai suna Lafiya Dole daga 2015, aka sāke masa suna Haɗin Kai a 2021, dubban mata sun zauna a barikokin da mazajensu suka bari. Mafi wahala a cikinsu kuwa ita ce wadda aka kawo sabon wuri, kafin ta san hanyar kasuwa aka kwashi bataliyar aka yi gaba. Magabata ba su yi sakaci da wannan mas'ala ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya tambayi 'yarsa Hafsa iyakar abin da mace za ta iya jurewa na rashin mijinta, sa'an nan ya ƙayyade wa mayaƙa wa'adi na 'yan watanni, a sallame su su dawo gida. Kuma ya tabbata a ingantaccen hadisi cewa wanda ya tsaya wa iyalin mayaƙi da alheri a bayansa yana da rabo a ladan yaƙin. Wanda ya ga matan sojoji a Maiduguri a watan Agusta na 2014, da 'ya'yansu a hannu, sun tare ƙofar bariki suna cewa ba za a kai mazajensu Gwoza ba sai da isassun makamai, ya san cewa abin da ke gidan soja yana isa fagen fama, na fagen fama kuma yana isa gida. Kwamandan da ya kula da ɗaya ya bar ɗaya kuwa rabin aikinsa ya yi.

Mu mutanen gari ma da alhaki a wuyanmu. An daɗe ana yi wa matan bariki kallon da bai dace ba, ana ɗaukar su marasa kamun kai, alhali mafi yawansu 'ya'yan mutunci ne da aure ya kai su inda ba su zaɓa ba. Limamin unguwar da ke maƙwabtaka da barikin Bukavu ko Janguza a Kano, ko Shadawanka a Bauci, zai iya sa matan unguwarsa su gayyaci baƙin bariki walima da suna. Mai gidan haya zai iya karɓar kuɗin wata uku maimakon na shekara daga wanda bai san ranar tashinsa ba. Sarakunan Hausawa na Sabo a Badun da Agege a Ikko kuwa, waɗanda saukar baƙo sana'arsu ce tun kaka da kakanni, za su iya aikawa a tambayo ko akwai 'yar Arewa da ta sauka a barikin da ke kusa da su. Akwai dai wani tashi guda wanda ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne na matar da mijinta ya rasu a bakin aiki, wadda ɗakin da take takaba a cikinsa na gwamnati ne, wani iyali kuma yana jiransa. Hakkokinta, da karatun marayunta, da inda za ta nufa, su ne abin da babi na gaba zai duba.